Amsa Kan Ƙara Soket da Gyara Ma'ajiyar Kaya a Motar Kwana

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan Ford Transit ƙirar 2018 da ka saya a Manchesta, wadda mai ita na farko ya riga ya mayar da ita motar kwana, amma soket ɗaya tak ya bari a bayanta, kuma kayanku kai da uwargida ba su da mazauni sai ƙarƙashin gado. Ka tambayi soket nawa ya kamata ka ƙara, da kuma inda za ka kafa kabad. Na daɗe ina amfani da irin wannan mota, kuma da hannuna na yi yawancin aikin cikinta, saboda haka zan gaya maka abin da na gani.

Ka jingine maganar yawan soket tukuna, ka ɗauki takarda da biro ka lissafa wutar da za ku sha daga safe zuwa wata safiyar, domin soket ba ya ƙara wuta, rarraba wadda ke cikin batir kawai yake yi. Ƙaramin firji mai aiki da bolt 12 yakan sha kusan 30Ah zuwa 40Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da ke cikin batir) a ranar zafi, idan kuma aka haɗa da fitilun LED, da fankar rufi, da cajin wayoyi biyu da kwamfuta, za ka iske kun kai wajen 60Ah ko 70Ah. Batirin AGM, wato rufaffen batirin dalma, mai 100Ah rabinsa kaɗai ake so a sha idan ana son ya yi ƙarko, wato ba zai kai ku gari ya waye ba. Na litiyam, samfurin LiFePO4, mai wannan girman yana ba da kusan duk abin da ke cikinsa, kuma nauyinsa bai fi kilo 12 ko 13 ba, alhali AGM yana kusan kilo 30. Aibinsa shi ne tsada, da kuma cewa ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa, don haka a hunturun Ingila ka kafa shi a cikin ɗakin motar, ko ka sayi wanda ke da kariyar sanyi a jikinsa. Sannan tun da injin motarka na tsarin Euro 6 ne, wato ƙa'idar Turai ta rage hayaƙi, altanetarta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, na rage ƙarfin caji da kanta a kan hanya, saboda haka cajar DC-DC, mai ɗebo wuta daga batirin inji, ce za ta cika maka batirin baya, wato na ɗakin kwana, yadda ya kamata.

Idan ka gama lissafin za ka ga cewa yawancin abin da kuke buƙata ba ya neman wutar gida ko kaɗan. Ni da zan tsara motarka, zan sa soket na USB a kowane gefen gado, ɗaya a wurin tebur mai USB-C da zai iya cajin kwamfuta, da soket na bolt 12 guda ɗaya kusa da ƙofar baya saboda famfon taya. Kowannensu ya samu wayarsa daga akwatin fiyus, kada a yi ta jona wannan a jikin wancan. Babban fiyus kuwa a manne da kan batir ake sa shi, tazarar kada ta wuce taƙi ɗaya. Mutane da yawa suna zaton fiyus na'ura yake karewa, alhali waya yake karewa daga ƙonewa, shi ya sa kaurin waya ne ke nuna girman fiyus ɗin da za a sa mata.

A nan ne nake son ka fi mayar da hankali. Soket ɗin Ingila mai baki uku iri ɗaya ne da namu na Nijeriya, wutar ma bolt 230 ce, wannan kamanni ne ke sa mutum ya ji kamar zai iya sayen wayar ginin gida ya ja ta a mota. Wayar gida mai sanda ɗaya ce a ciki, an yi ta ne don bangon da ba ya motsi, mota kuwa kullum cikin jijjiga take, a hankali sandar za ta karye a bakin sukuru. Waya mai silin gashi da yawa ake amfani da ita, mai kaurin 2.5mm² ga soket, a zura ta cikin bututun roba, kuma duk inda za ta ratsa ƙarfen bodi a sa mata zoben roba. Na taɓa cire allon bangon motar wani abokina, na tarar da gefen ƙarfe ya yanke rigar waya har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, kewayen wurin ya yi baƙi, shi kuwa abin da ya sani kawai shi ne fitilarsa na ƙyaftawa idan ya hau hanya mai gargada.

Wutar bolt 230 hanya biyu take shigowa, ko daga sansanin da kuka yada zango ta shuɗin fulogi mai amfiya 16 (16A), ko daga inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida. Ta sansani dole ta bi ta ƙaramin akwati mai na'urar yanke wuta ta RCD mai 30mA, a kuma haɗa wayar ƙasa da bodin motar. Kada ka haɗa inbata da wannan layi sai da makunnin da ke zaɓar ɗaya ya kashe ɗaya. Mafi sauƙi ma ka ware wa inbata soket nata daban. Butar lantarki mai wat 2,000 idan aka ɗora ta kan inbata tana jan fiye da amfiya 170 daga batir, abin da a ganina ɓarna ce tun da kuna da risho na gas. Ko a sansani ma, wasu wurare 10A suke bayarwa, a Faransa har da masu 6A, wato wat 1,380, wanda bai isa wannan butar ba. Wannan ɓangaren na bolt 230 ka bai wa ma'aikacin lantarki mai lasisi ya yi shi, ko aƙalla ya gwada shi bisa BS 7671, ƙa'idar jan wayar lantarki ta Birtaniya.

Sai ka gama jan waya kafin ka buga katako ko ɗaya, ka kuma bar bututu guda babu komai a ciki sai zare, saboda abin da za ka so ƙarawa nan gaba.

Maganar ma'ajiya kuwa, nauyi ne ke yanke hukunci. Lasin tuƙi na ƙananan motoci a Ingila ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma a cikin wannan har da ku kanku, da mai, da ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce. Ka kai motar sikelin manyan motoci a auna ta kafin ka sayi katako. Ka guji MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, yana da nauyi kuma yana kumbura idan ya sha laima. Fulawud na itacen fofla mai kaurin milimita 12 ya wadatar. Batir, da jarkar ruwa, da kayan gyara su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kabad na sama kuwa tufafi da barguna kaɗai suka dace da shi. A ɗaure kowane kabad da noti a jikin haƙarƙarin bodi, a sa wa ƙofofinsa maɓalli mai kullewa, domin maganaɗisu ba ya riƙe ƙofa idan aka taka birki da ƙarfi.

Ƙarƙashin gado da kake kuka da shi shi ne wuri mafi girma a motar, matsalarsa kawai abin da ke can ƙurya ba ya fitowa sai an kwashe na gaba. Doguwar durowa mai zamewa ta ƙofar baya tana warware wannan. A jikin ƙofofin bayan kuma ka maƙala aljihunan yadi don takalma da igiyar wuta, ka ware ɗan lungu kusa da ƙofar gefe don buta da dardumar sallah, tun da su ne za a riƙa ɗaukowa a kowane zango. Tukunyar gas ta samu akwatinta rufaffe mai huda a ƙasa zuwa waje, saboda gas ya fi iska nauyi, kuma kada waya ko soket su shiga wannan akwati. Ka sa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksayid kusa da gado, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka duk canjin da ka yi.

Idan ka turo hoton batirin da ke motar yanzu da na akwatin fiyus, zan duba in gaya maka abin da za a iya bari da wanda ya kamata a sauya. Allah ya kiyaye hanya.