Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya ce "ko na yi karatu ba zan ci ba"

Hajiya, sannu da haƙuri. Kin ce yaronki na ajin 4e yana kwana kan wasan waya na Free Fire, makinsa na lissafi ya sauko 4 bisa 20, kuma kina tambaya ko ki ƙwace wayar. Ciwon nan yana cikin gidanmu, shi ya sa na kasa wucewa.

Kalmar nan tasa ta fi wayar tayar mini da hankali. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier a Amurka sun gwada karnuka: waɗanda aka yi ta jona wa lantarki ba hanyar tsira, daga baya ko an buɗe musu hanya yawancinsu sai su kwanta kawai. A lokacin masu binciken suka ce karnukan sun koyi cewa ƙoƙari ba ya canza komai. Yaro ba ya tashi da wannan, koya masa ake yi. Wa ke koya masa? Malamin da ke raba takardu yana kiran maki da ƙarfi, ya fara daga na ƙasa, aji na dariya. Jan biro ko'ina, babu layi ɗaya da ya nuna inda lissafin ya karkace. Kin je kin tambaya, a ce yaron jaki ne, ki sa shi darasin yamma na kuɗi. Wallahi wannan har yanzu yana ci mini rai. A wasan kuwa, cikin minti goma ya ga sakamakon hannunsa, in ya faɗi ya sake, ba mai yi masa dariya.

Kar ki ƙwace wayar gaba ɗaya, fada zai tafi ya ari ta aboki. Ki sa Family Link na Google, manhajar da iyaye ke sa wa wayar yaro iyaka da ita, ki ƙayyade awa ɗaya, cajin dare kuma a ɗakinki bayan isha'i. Kuɗin forfe da na lu'ulu'un da ake saya a cikin wasan su tsaya, nan jikkunanki ke zurarewa. Makon farko zai yi fushi da ƙin abinci, kar ki sassauta, kar kuma ki daka.

Lissafin, ki koma da shi baya, har littafin 6e in ta kama, don yawanci ramin yana wajen rabawa da lambobi masu gutsure. Tambaya biyar a rana, minti ashirin, huɗu daga ciki waɗanda zai iya. A gyara nan take yana kallo. Kar a ce "kana da ƙwaƙwalwa", a nuna masa layin da ya yi daidai. Kuma don Allah a daina kwatanta shi da ɗan maƙwabta, kawunnai sun fi kowa wannan hali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasa a matsayin cuta a 2019: ya kasa tsayawa, ya fifita wasan kan komai, ya ci gaba duk da ɓarna, har kamar wata 12. In ya kai nan, ko ya daina wanka da shiga mutane, ki kai shi wurin likita, kar ki jira sai jarabawar BEPC ta ƙarato.