Amsar tambayarki kan zannuwan Hajiya

Ummi na ga saƙonki da hotunan da kika turo, na matar nan Billie Zangewa 'yar Malawi da ke zaune a Afirka ta Kudu, mai yanka siliki tana ɗinke shi ya fito da hotonta da ɗanta a kicin ko a falo. Aikin ya yi kyau wallahi, sai da na sa tabarau na ƙara kallo. Kin ce ke ma irinsa kike son yi na gama karatunki a ABU, da zannuwan kakarki marigayiya Hajiya da majanyinta, kina tambaya ko al'ada ta yarda a sa musu almakashi.

Toh babu inda aka ce haramun ne yanka tsohon zane, mu da muka taso ana mai da shi tsumman jariri da gammo da marfin kwano. Masu cewa kar ki bar ƙyallen goyo ya fita daga gida tsoron sammu suke yi, wannan camfi ne, ki yi addu'a ki wuce. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kayan mamaci gado ne, har ɗankwali. Da aka yi rabo akwatin nan bai faɗo hannun mutum ɗaya ba, ni da babanki da Gwaggonki ta Funtuwa muka bar shi a ɗakina saboda babu mai zuciyar raba shi, don haka sai kowa ya ce ya yafe kafin ki taɓa. Ni dai na yafe nawa, sauran ki bi su da bakinki ba ta waya ba.

Atamfofin ki ɗauka. Akwai 'yan Kaduna guda biyu na masaƙar UNTL tun kafin a rufe ta a 2007, yanzu ko kin zagaye Kantin Kwari ba za ki samu irinsu ba sai 'yan Chana, akwai kuma Holan ɗin lefenta da ta ƙi ɗaurawa sai da sallah har asu ya fara ci. Gara su hau bango mutane su gani da su ƙare a bakin asu.

Amma majanyin nan na saƙi a'a, kar ki yanka min shi. Kakar Hajiya ce ta kaɗa zarensa da hannunta, Hajiya ta sha ba mu labarin yadda tsohuwar ke zama da mazari a cikin ƙoƙo, ta dangwali alli a yatsu tana murzawa tana hira har auduga ta ƙare, sannan aka kai rabin zaren marina aka tsoma a baba, shi ya sa kika ga fari da shuɗi. Ki duba gefe ɗaya za ki ga inda aka yi masa faci da baƙin zare, wurin ƙulli ne ya cinye. Kuma har yau bai yi ritaya ba, duk wadda ta zo goyon ciki gida da shi ake fara goya jaririn bayan an yi arba'in, ga 'yar uwarki nan wata mai kamawa za ta haihu in Allah ya yarda. Ki ɗauke shi hoto, ki auna, in kina so ki je Ƙofar Mata a rina miki zare ki sa a saƙa kwatankwacinsa, masu rinin suna nan a bakin karofi.

Sai abin da ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Na ga zanen da kika yi da fensir, Hajiya ta rungume babanki tana kallon fuskarsa tana murmushi. 'Yata wannan ba Hajiya ba ce. Babanki ɗan fari ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan", a gaban mutane kuwa ko ɗaukarsa ba ta yi, nono ma sai an kai mata shi ƙuryar ɗaki. Kunyar ɗan fari kenan, ku 'yan yanzu kuna ganin kamar rashin so ne, alhali ita ce ke tashi tsakar dare ta leƙa ko an rufe shi. Wanda ya goya shi da majanyin nan kakarmu ce da abokiyar zaman Hajiya da wata yarinyar riƙo da ta tashi a gidan, shi ko yaye a gidan kaka aka yi shi. Matar Malawi rayuwarta ta ɗinka kuma ta yi daidai, ke in za ki ɗinka tamu bayan mata da yawa za ki nuna da yaro ɗaya, Hajiya tana can gefe ta kau da kai. Hakan ma ya raba ki da maganar fuska, don na san babanki ba zai so surar mahaifiyarsa a bango maza suna tsayawa kallo ba, kuma akwai malaman da ba su yarda da surar mai rai ba, in kina shakka ki tambayi na Islamiyyarku.

Ki zo ran Juma'a bayan la'asar mu buɗe akwatin tare, ki fara biyawa wajen babanki. Kuma ki taho da almakashinki, nawa na yankan farce ne. Ki gaida mamanki da jiki.