Bawul na ruwa da na gas: amsoshin wannan makon

Wani manomi daga Argungu ya ce injinsa na ban ruwa inci 3 ne, yana son ya sa bawul (abin murɗawa na buɗe ruwa da rufe shi) inci 4 wai don ruwa ya ƙaru. Malam, bawul ba ya haifar ruwa, abin da inji ya turo shi zai wuce. In ya yi wa ruwan girma kullum a kusan rufe za ka riƙe shi, ka murɗa kaɗan ruwa ya ɓalle ya cinye fangali, ka mayar ya ɗauke, ga yashi yana cin bakinsa. Ka tsaya kan inci 3. In za ka rage ruwa ka rage ta wajen fita, kada ka shaƙe tiyon da ke zuƙa, in ka ji inji na ƙara kamar ya haɗiye tsakuwa to farfelar ciki ce ke ci.

Wani daga Jega yana tambaya ko zai iya sa bawul ɗin famfo a tukunyar gas tunda girmansu ɗaya. A'a. Haba dai.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce tun da aka canza mata regileta, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas, take jin wari, har ba ta iya barci. Hajiya ki kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya. Ki rufe tukunyar, ki buɗe tagogi, kada ki kunna ashana ko makunnin lantarki. In warin ya fita, sai a shafa ruwan sabulu a mahaɗin da tiyo, a buɗe tukunyar, inda ya yi kumfa nan ne ke yoyo. Regileta ta gida mai rage ƙarfi ce sosai, wajen milibar 30 a ma'aunin ƙarfin gas, mai ƙarfin nan ta masu suya da manyan murhu ba ta kicin ba ce, amma wasu masu shago ita suke miƙa wa mutum.

Kuma wallahi jabun nan ya ishe ni. Mutum zai cika tukunya kilo 12.5 bai yi ciniki ba, amma a kan regileta sai ya zaga kasuwa yana neman mai araha. Bawul ɗin ruwa ma haka, a shafa wa ƙarfen banza launin tagulla, wata biyu ya yi tsatsa ya ƙi murɗuwa, lokacin shinkafa na neman ruwa. Ku ɗaga ku ji nauyi, ku kankare gefe, na ainihi rawaya ne har ciki kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Tiyon gas da ya fara tsagewa a jefar, ba a ɗaure shi da roba.