Nama ya tsaya min a ƙirji, akwai maganin da zai saukar da shi?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Ka ce tun jiya loma ta maƙale maka a hanyar abinci, kana neman ƙwayar da za ta narkar da ita. Gaskiya babu. A asibiti akan yi allurar glucagon ta jijiya don ta sassauta ƙasan bututun abincin, amma sau da yawa ba ta wani tasiri, ƙarshenta sai an zura endoskofi, wato siririyar roba mai kyamara, ta baki an ciro naman ko a tura shi ciki a hankali, kuma ba a so a wuce awa 24.

Kar ka danna wata lomar a kai wai ta tura shi, kar kuma ka sha garin nan na tausasa nama, yana iya huda bututun. Lemon gas ma da ake ta faɗa ni dai ba zan dogara da shi ba.

In ka ga ko yawu ba ya wucewa sai tofarwa kake, ko ƙirji na ciwo sosai, ko zazzaɓi, tafi imajensi yanzu-yanzu. Ko da ya sauka da kansa ka ga likita, sau tari tsukewar bututun ce ke jawo hakan, kuma yakan dawo.