Ka Sabunta Sit, Ka Yi Fenti, To Ina Littafin?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mai ƙaramin shago. Wata biyar ke nan na sayi tsohon babur mai inji 125 wanda ya shekara huɗu a jingine, da niyyar in gyara shi a gida in sayar. Na sabunta sit, na yi fenti, na sa madubai da sitika. Da muka tayar da shi sai hayaƙi, kuma ba shi da ƙarfi. Ƙanin matata, da ya taɓa zaman gareji, shi ke sayo kayan gyara. Nawa na kashe zuwa yanzu, gaskiya ban riƙe ba. Na ji ana ninka kuɗi a wannan harka. In ci bashi in ƙaro babura uku in haɗa su gaba ɗaya?

Amsa: Malam, kada ka ci bashin. Kuma hayaƙin nan bai dame ni ba, don hayaƙi yana da magani kuma maganin yana da farashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne “ban riƙe ba”. Ɗan kasuwar da zai iya faɗin ribar kowane kwali a shagonsa ya kwashe wata biyar yana zuba kuɗi a ƙarfe bai rubuta ko layi ɗaya ba. Yau in mai saye ya zo ya taya, da me za ka ce albarka, da me za ka sallama? Ba ka san uwar kuɗinka ba, don haka ba ka san inda riba ta fara ba. Kana so ka ninka lambar da kai kanka ba ka sani ba.

Tsohon babur yana da rufin da ba ya wucewa: abin da irinsa mai lafiya, mai takardu, yake yi a kasuwa yau. Mai saye ba ruwansa da wahalarka. Ka ɗauki wannan farashi a matsayin 100. Kuɗin saye da na gyara gaba ɗaya bai kamata su haura 70 ba. Ka ware 10 don abin da zai ɓullo bayan an buɗe inji, don kullum sai wani abu ya ɓullo. Ragowar 20 ita ce ladan hannunka da la'adar dillali da ribarka, duka a ciki. Ina ninki a nan? Masu ba da labarin ninki sukan tuna kuɗin da suka sayi babur da wanda suka sayar, su manta da gasket, da baƙin mai, da kuɗin motar zuwa sayo noti, da fistin ɗin da aka sayo bai yi daidai ba aka sake sayowa. Waɗannan ƙananan ne ke cinye ribar, kuma su ne ba a rubutawa.

Rashin littafin lissafi ne ma ya sa ka fara da sit. Wanda ya zauna ya jera ayyuka da farashinsu zai ga inji shi ne babban abin da ba a sani ba, sai ya fara da shi, don in ya gano aikin ya fi ƙarfin rufin nan ya janye tun bai zurfafa ba. Kai kuwa ka yi wa babur kwalliya, yanzu kwalliyar ce za ta riƙe ka: duk abin da inji ya nema sai ka biya, don kana jin zafin abin da ka riga ka kashe. An sha ganin haka. Mutum ya gama fenti, sannan a sauke inji, sifana ta karce tanki, baƙin mai ya ɓata sabuwar leda, a ƙarshe a sayar da babur ƙasa da kuɗin kayan da aka ɗaura masa.

To ga abin yi, kuma kada a sake sayen ko noti ɗaya kafin a yi shi. Ka fara duba lambar shasi da ta inji, su dace da takardu. In ba su dace ba, a tsaya nan.

Sai gwajin matsi, wato auna ƙarfin da fistin ke matse iska da shi a cikin silinda. A ɗumama inji, a cire filogi, a ɗaura geji, a murɗe totur har ƙarshe, a buga kik sau biyar ko shida har allura ta tsaya. Ƙaramin inji mai bawul in yana da lafiya yakan nuna 120 psi zuwa sama a gejin. In ya gaza 100, akwai magana. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake gwadawa. In lamba ta tashi sosai, ringin fistin ne ko silinda ta ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan silinda. Kafin ka zargi bawul, ka auna tazararsa inji yana sanyi: a Honda CG125 milimita 0.08 ce, wasu ƙananan injuna 0.05, sai ka bi littafin kamfanin babur ɗinka. Bawul da aka ɗaure ya yi tsauri ba ya rufewa, ƙarfi ya zube, kuma gyaransa minti goma ne ba tare da sayen komai ba. Mutane da yawa sun sayi fistin saboda wannan.

Launin hayaƙin ma yana magana. Baƙi, fetur ne ya yi yawa: kafireto ya toshe ko matatar iska ta mutu, abin da ake tsammani ga babur da ya shekara huɗu da tsohon fetur a cikinsa. A wanke jet ɗin kafireto, wato ƙaramin ramin da fetur ke bi, da maganin wanki da iska, kada a soka masa wayar ƙarfe, ramin zai faɗaɗa, babur ya zama mashayin mai har abada. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. In da safe ne kawai sannan ya ɗauke, robar bawul ce ta bushe, abu mai araha. In yana ƙaruwa duk lokacin da aka ja totur, ringi ne. Ka kuma leƙa cikin tanki da tocila. In akwai tsatsa, duk wankin kafireto na kwana uku ne, sai an wanke tankin an sa ƙaramar matatar mai a tiyo.

In har sai an buɗe, a kai silinda a auna kafin a sayi komai. Sabon ringi a cikin silindar da ta ci asarar kuɗi ce. Fistin na ƙari, wato wanda ya ɗan fi na asali girma, yana zuwa mataki-mataki, milimita 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, kuma ana kai wa mai yankan silinda fistin ɗin ne ya yanka silindar daidai da shi. Da an cire silinda, ka kama sandar fistin ka ja sama da ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in ta yi wasa sama da ƙasa, boris ɗin karanshaf ya tafi, sai an raba inji biyu. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, kuma a nan ne yawancin lissafi ke fashewa. In ka tarar da haka, ka koma kan 70 ɗin nan ka gani ko sayar da shi yadda yake ya fi.

Sit ɗin da ka riga ka yi, ka danna shi da tafin hannu. In ka ji ƙarfe ko roba a ƙasa, sabuwar leda aka ja a kan mataccen soso, kuma mai saye zai gane da zama ɗaya. Aikin kirki yana farawa daga farantin ƙarƙashin sit: a kankare tsatsa a yi fenti, in ya tsage a yi walda. Sai soso mai tauri a ƙasa, mai laushi kamar santimita ɗaya zuwa biyu a sama, a manne da gam, a rufe da siririyar leda don ruwa kada ya shiga ta ɗinki. A shanya ledar sama a rana ta yi laushi, a kama gaba da baya tukuna, sannan gefe da gefe daga tsakiya. Duk da haka sit ba ya ƙara wa babur farashi kamar yadda kake zato. Yana sa a tsaya a duba ne kawai. Birki, taya da sarƙa sun fi shi, kuma ban ji ka ambace su ba. Tayar da ta shekara huɗu a tsaye, ko zanenta bai ci ba, ka duba gefenta ko ya tsattsage.

Batun ƙanin matarka, ban ce yana cutarka ba. Amma yadda kuke tafiya, ko mai gaskiya ne ba shi da abin da zai kare kansa, kai ma ba ka da abin da za ka tambaye shi. Ranar da babur ya ƙi riba, zargi zai shiga, kuma wannan zargin har ɗaki zai bi ka. Ku yanka ladan aikinsa tun yanzu, a rubuta. Kowane kaya ya zo da rasit, tsohon da aka cire ya dawo hannunka. Ka ce masa tsarin kasuwanci ne, kai ma kana bin sa.

Daren yau ka samo littafi daban, ba na shago ba. Rana, kaya, dalilin saye, kuɗi, wa ya sayo. Ku zauna ku zagaya babur ɗin daga fitila zuwa salansa, duk abin da yake sabo a rubuta da farashinsa, har kuɗin da ka riƙa zara daga aljihun shago kana cewa za ka mayar. Ka rubuta awannin da ka bar shago saboda shi. Jimlar za ta ba ka haushi, ka bar ta ta ba ka. Bayan an haɗa inji, ka hau shi a hankali kilomita 500, ka juye baƙin mai, lita ɗaya ce kawai, sannan ka kai kasuwa.

Babura uku a kan bashi cinikin biri a sama ne sau uku, ga mai bashi yana ƙirga kwanaki su kuwa suna jingine. In ka sayar da wannan, littafi ya nuna abin da ya rage, ka sayi na biyu da kuɗinka, guda ɗaya, irin wannan samfurin don kayan da suka ragu su yi amfani. Kuma ka tafi da gejin matsi a aljihu, a gwada a gabanka kafin ka taya.