Amsar Baffa kan rabon gadon Alhaji

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, Allah Ya ji ƙan Yaya. Kana tambaya wai ko abin kunya ne a ɗauko maganar gado kafin sadakar arba'in, sannan tunda kai ya rubuta a nes of kin ko za ka iya zuwa banki ka kwaso kuɗin.

Jiran arba'in ɗin nan al'ada ce kawai ta kara, ba sharaɗi ba ne. Ni dai jinkirin nake tsoro. Gidan kakanmu na Yakasai haka aka yi ta cewa a bari, a bari, har magada uku suka rasu ba a raba ba, sai da aka nemo malamin da ya iya munasaha, wato lissafin gadon da wasu magada suka rasu kafin a raba, wasu kuma har yau ko gaisawa ba sa yi.

Nes of kin kuwa ba magaji ba ne fa, wanda za a nema ne in abu ya faru. Banki sai sun ga takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiya daga kotu, kuma ko an ba ka kuɗin amana ne a hannunka.

Kafin kowa ya taɓa ko tsinke, a fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, kuma ku bi shagonsa na Kwari ku tambaya sosai don 'yan kasuwa da baki suke yin bashi, in akwai ragowar sadakin iyayenku mata shi ma bashi ne. Sai wasiyya in ya bari, ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji ita. Abin da ya saura shi ne gado. A kuma bincika a hankali ko Amarya na da juna biyu, don a mazhabarmu ta Malikiyya in akwai ciki sai an haihu ake rabo.

A ce miliyan 16 ta rage. Hajiya da Amarya su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan ɗai-ɗai kenan. Sauran 14 ɗin ku biyar ne, kai da ƙaninka huɗu-huɗu, mata ukun bibiyu, duk yana Suratun Nisa'i. Ni Baffanku ba ni da ko sisi tunda kuna nan maza, shi ya sa nake faɗa maka kai tsaye.

Malami zai iya raba muku a zaure, amma tunda akwai gida da ƙananan yara ku je kotun shari'a irin ta Ƙofar Kudu, alƙali ya turo a yi wa gidan kima, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa. Kar ka yarda da zancen wai a ba 'yan'uwanka mata 'yan kuɗi maza su riƙe gida ba tare da yardarsu ba.

Ka tattaro takardun gida da na shago, ka zo bayan Juma'a mu je wajen mai unguwa tare. Ka gaishe min da Hajiya da takaba.