Amsa kan tarkon yashin da ba a gani a St Andrews

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a tsohon filin golf na St Andrews, can Sikotilan, aka bar tarkon yashi, wato kwazazzabon yashi da ƙwallo ke maƙalewa a ciki, a tsakiyar hanya inda mai bugu ba ya hango shi. Rami na 12, wato zango na 12 na wasan, kake nufi, na tabbata.

Ba mugunta ba ce. Filin ba zana shi aka yi a takarda ba, tudun rairayi ne a bakin teku, iska da tumaki suka fara ƙwaƙule shi. Kuma a da ana zagaya shi ta ɗaya gefen ne, to daga can tarkunan yashin a fili suke. Da aka sauya alkiblar wasa sai suka ɓuya a bayan tudu.

Duk da haka ina bayanka. Mutum ya buga ƙwallo miƙe ɗoɗar, ya je ya tarar da ita a cikin tarkon, a gindin bangonsa na ciyawa, dole ya fito da ita ta gefe, wannan bai yi wa baƙo adalci ba. Rami na 17 kuwa, da ake bugawa ta saman kusurwar otal, ban ga laifinsa ba, domin haɗarin a gabanka yake.

In za ka koma, ka ɗauki mai riƙe jakar sandunan golf ɗan gari, ka bi layin da ya nuna maka.